Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Karya Kasuwar Finafinan Marvel?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya, me ya sa finafinan jaruman nan masu tashi sama suka daina ciniki a sinima?

To malam, gundura ce kan gaba. A 2019 fim ɗin Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8. Ganin haka kamfanin Disney, mamallakin Marvel, ya yi ta ɓaro finafinai da shirye-shirye a manhajarsa ta Disney+, har ta kai sai ka kalli wancan kafin ka fahimci wannan. Wa ke da wannan lokacin? The Marvels na 2023 dala miliyan 206 kacal ya samo, ko kuɗin haɗa shi bai mayar ba, ga gidajen sinima na ɗauke kusan rabin cinikin.

Amma fa kasuwar ba ta mutu ba, Deadpool & Wolverine ya haura dala biliyan 1.3 a 2024. Da fatan ka gamsu.