Samari talatin da shida da suka yarda su ji yunwa

A shekarar 1944 yaƙin duniya na biyu ya kusa ƙarewa. Gonaki sun lalace a ƙasashen Turai, hanyoyi sun yanke, miliyoyin mutane suna kwana da yunwa. Kowa ya san ranar da aka ajiye bindiga sai an kai musu abinci. Amma wane irin abinci? Nawa za a ba mutum guda? Har tsawon wane lokaci? Babu wanda ya san amsa sosai. Yunwa ta daɗe a duniya, amma ba a taɓa auna ta da kyau ba.

Ga dalili. Idan aka kawo mayunwaci asibiti, likita bai san nauyinsa na da ba, bai san yadda zuciyarsa take bugawa ba tun yana ƙoshi. Sau da yawa kuma yana zuwa da zazzaɓi, ko gudawa, ko tsutsar ciki. To, yaya za a rabe ɓarnar yunwa da ɓarnar cuta? Sai fa in an samu mutum lafiyayye, a auna shi yana ƙoshi, a auna shi yana jin yunwa, a sake auna shi yana murmurewa. Shi ya sa masu binciken jikin ɗan Adam suke neman samari masu lafiya waɗanda suka ba da kansu.

A jami'ar Minisota, a arewacin Amurka, akwai wani masanin aikin jiki mai suna Ansel Kiz. Shi ne ya shirya wannan gwaji. Ya aika neman mutane cikin wasu samari da suka ƙi shiga soja, domin imaninsu ya hana su kashe rai. Gwamnati ta sa su wasu ayyuka a madadin yaƙi, kamar kashe gobarar daji da jinyar masu taɓin hankali. Waɗansu mutane suna yi musu kallon matsorata. Fiye da 200 suka amsa kira. Aka zaɓi 36, masu shekara 22 zuwa 33, lafiyayyu a jiki da hankali. An gaya musu abin da za a yi musu tun da fari, suka ce sun yarda.

Suka tare cikin watan Nuwamba na 1944, a wasu ɗakuna da ke ƙarƙashin mazaunin ƴan kallo na filin ƙwallon jami'ar. Sati 12 na farko ana ba su abinci su ƙoshi, wajen kalori 3,200 kowace rana. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Kilo guda na hatsi yana da wajen kalori 3,500. Cikin waɗannan satuttuka aka auna kome: nauyi, tsawo, jini, numfashi, bugun zuciya, ƙarfin hannu, gani da ji. Har cikin ruwa aka tsoma su aka auna, don a san yawan kitsen da ke jikinsu.

Ran 12 ga Fabrairu 1945 aka raba abincin biyu. Kowa ya koma wajen kalori 1,570 a rana. Kamar a ce an ba ƙato tiya guda ta hatsi, a ce ta kai shi kwana biyar ko shida. Sau biyu suke ci a yini: dankalin turawa, da shu, wato kabeji, da burodi, da makaroni, da wasu saiwoyi na ƙasar sanyi. Irin abin da talakan Turai yake samu ke nan lokacin yaƙi. Nama da madara sai ɗan ƙyas. Ba kuma kwanciya aka ce su yi ba. Kowane sati sai mutum ya taka kilomita 35 a ƙasa, kamar daga Damagaram zuwa Mirya a komo. Haka aka yi har sati 24.

Jiki ya fara cin kansa. Kitse ya tafi, tsoka ta bi baya. Wanda ya shiga da wajen kilo 70 ya komo wajen kilo 53, wato kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ya zube. Zama bisa kujerar katako ya zama wahala, sai da matashi. Zuciya ta ƙanƙance, bugunta ya sauka daga wajen 55 a minti zuwa wajen 35. Suna jin sanyi har cikin watannin zafi, suna neman bargo. Ƙafafun da yawa daga cikinsu suka kumbura da ruwa. Ƙarfin da jiki yake ƙonawa in mutum yana kwance ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Jiki ya yi abin da uwargida take yi in ta ga rumbu ya yi ƙasa: ta rage awo, ta rage wuta, don abin da ya saura ya kai.

Abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne hali. Waɗannan samari masu ilimi ne, masu fara'a, masu son zaman lafiya. Da yunwa ta kama su sai hira ta mutu, dariya ta ɗauke. Ƙaramin abu ya isa faɗa. Zancensu abinci, mafarkinsu abinci. Waɗansu suka shiga tara littattafan girki suna kallon hotuna. Wani ya zuba ruwa cikin miya don ta yi yawa, wani ya yi awa biyu kan abin da za a cinye cikin minti kaɗan, sa'an nan ya lashe kwano. Akwai wanda yake tauna ƙunshin cingam har 40 a yini, sai da aka ƙayyade. Da aka kama wani ya ci abinci a ɓoye cikin gari, sai aka kafa doka: ba mai fita shi kaɗai. Ba su ƙara kula da ƴan mata ba, karatu ya gundure su. Amma da aka gwada basirarsu, sai aka ga ba ta ragu ba. Kuzari ne babu.

Wannan abu ne da ya kamata a riƙe a ƙasar da ta ga yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985, inda kuma noma yake faɗowa daidai lokacin da rumbu ya ƙare. Manomin da ya kasa kai ƙarshen kunya da damina, ko ɗalibin da yake gyangyaɗi cikin aji bai karya ba, ba lalle raggo ba ne. Samarin Minisota ma haka suka zama, su da ba su da wata cuta.

A ƙarshen Yuli 1945 aka fara mai da su. Aka kasa su kashi huɗu, kowane kashi da yawan ƙarin abincinsa. Waɗansu aka ƙara musu ƙwayoyin bitamin ko garin furotin, waɗansu ba a ƙara ba. Samarin sun zaci wahala ta ƙare, ashe da sauranta. Da yawa sun ce wannan lokaci ya fi na baya tsanani, don abinci ya ƙaru amma yunwa ba ta tafi ba. A nan ne ɗayansu ya sare yatsunsa uku da gatari, daga baya ya kasa faɗin ko da gangan ya yi. Kiz ya ga ƙarin bai isa ba, ya sake ƙara wa kowa.

Amsar da aka samu ita ce: ƙwayoyin bitamin da garin furotin ba su yi wani tasiri ba. Yawan abinci shi ne magani. Babban mutum da ya sha yunwa yana bukatar wajen kalori 4,000 a rana, wata da watanni, kafin ya komo yadda yake. Da aka sake su su ci yadda suke so, waɗansu sun wuce kalori 5,000 a yini ba su ji sun ƙoshi ba. Amma a lura: manya aka gwada, ba yara ba. Yaro mai tamowa mai tsanani ba a cika masa ciki gaba ɗaya. A asibiti ake fara masa da madara ta musamman, kaɗan kaɗan.

Cikin 36, huɗu ba a sa su cikin lissafin ƙarshe ba. A 1946 aka buga ɗan littafi don masu aikin agaji, a 1950 kuma babban littafin ya fito, juzu'i biyu, shafi 1,385. Likitoci suna duba shi har yanzu, domin da wuya a sake yarda a yi irin wannan gwaji. A waɗannan shekaru na yaƙi likitocin Jamus sun yi gwaji a kan fursunoni da ƙarfi, da yawa suka mutu. Bayan shari'ar da aka yi musu a birnin Nurembag, aka rubuta ƙa'ida a 1947: ba a gwaji a jikin mutum sai an bayyana masa haɗarin, ya yarda da kansa, kuma yana da ikon cewa ya fasa. Wajen shekara sittin bayan gwajin Minisota aka nemi waɗanda suka rage da rai, aka yi hira da 18. Sun tsufa, sun haura tamanin. Suka ce in da za a koma baya, da sun sake ba da kansu.

Tambayoyi da aiki

1. Don me Kiz bai yi gwajinsa a kan mayunwatan da ke asibiti ba?
2. Mutum mai kilo 64 ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Kilo nawa ya rage masa?
3. Ku tambayi wani tsoho a gida abin da mutane suka ci a shekarar yunwa, da yadda halinsu ya zama. Ku gwada da abin da kuka karanta.
4. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun abokinsa, ya ƙirga bugun jini na minti guda. Ku zagaya filin makaranta da gudu, ku sake ƙirgawa, ku rubuta lambobin biyu a allo.