Ki Fara Sanin Dangi Kafin Ki Nuna Bare

Amaryata,

Babanki ya gaya mini cewa a duk shirin da ake yi muku na jarrabawar shiga sakandare, babu abin da ke ɓata miki rai kamar tambayar nan da ake jera lambobi biyar ko shida a ce ki fitar da wadda ba ta cikin dangi. Wai tarawa da ɗebewa da sau da rabawa duk ba su gagare ki ba, amma da kin ga wannan sai ki ture littafin ki ce ai canki-canki ce. To, ba canki-canki ba ce. Tunda kuma kin ƙwallafa rai a kan makarantar 'yan mata ta tarayya da ke Bakori, gara mu zauna a kanta tun yanzu, domin jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa tana da sashe guda na auna tunani da lambobi, kuma irin wannan tambaya 'yar gida ce a can.

Abin da ke kayar da yara shi ne gaggawar neman baren. Ido ya yi ta yawo a kan lambobin yana jiran wata ta ɗaga hannu ta ce ga ni. Ba za ta ɗaga ba. Ki lura da innarki idan ta zuba wake a faifai tana tsincewa. Ba ta san kamannin kowace tsakuwa da ke gonakin Sabuwa ba, kuma ba ta bukatar sani. Waken ta sani ciki da bai, shi ya sa duk abin da ba wake ba yatsanta ke kai masa tun kafin ta yi tunani. Ke ma ki bar neman wadda ta bambanta, ki tambayi kanki: mene ne ya haɗa mafi yawansu?

Ga 18, 27, 36, 45, 52, 63. Kada ki taɓa kowace. Ki fara da tambaya mafi araha: cika ne ko mara? Uku cika, uku mara, ke nan nan ba hanya, ki wuce. Suna rabuwa da 5? Guda ɗaya ce kawai, 45, sai dai wannan bai gaya miki komai game da sauran biyar ɗin ba, kuma amsar da ba ta ɗaure sauran wuri guda ba amsa ce mai rauni. Ki gwada 9. Tara sau biyu, tara sau uku, sau huɗu, sau biyar, sau bakwai. Dangi ya bayyana, 52 kuwa ta fita zakka ba tare da kin neme ta ba. Akwai ma gajeriyar hanya: duk lambar da ke rabuwa da 9, in kin tara ƙwayoyinta za su ba ki 9 ko abin da ke rabuwa da 9. Ɗaya da takwas, biyu da bakwai, uku da shida. Biyar da biyu kuwa bakwai ne. Haka dokar take ga 3.

Dangogin da masu jarrabawa ke yawan ɗaukowa ba su da yawa, kuma ya kamata ki san su kamar yadda kika san 'yan ajinku. Akwai lambobin da ake samu in an buga lamba sau kanta: 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100, har zuwa 144. Akwai waɗanda aka buga sau kansu har karo biyu: 1, 8, 27, 64, 125. Ki kula da 64, tana cin tuwo a gidaje biyun, takwas sau takwas ce, kuma huɗu sau huɗu sau huɗu ce, don haka masu saka tambaya ke son ta. Sai jeri mai tafiya da ƙa'ida, irin 3, 6, 12, 24, 46, 96, inda kowace ke ninka ta bayanta. A irin wannan ki rubuta tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa da fensir, za ki ga inda ƙafar ta gurɗe: 48 ya kamata a gani a wurin 46.

Dangin da na fi so ki daɗe a kansa shi ne na lambobi masu taurin kai, waɗanda ba su rabuwa da kowa sai da 1 da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da sauransu. Guda 25 ne daga 1 zuwa 100, kuma 1 ba ta cikinsu, ki riƙe wannan. A nan ake haƙa wa yara rami. Za a ba ki 31, 41, 51, 61, 71. Duk mara ne, duk sun ƙare da 1, tazararsu goma-goma, sun yi kama kamar an tsaga kara. Amma biyar da ɗaya shida ne, ke nan 51 na rabuwa da 3: uku sau goma sha bakwai. Sauran huɗun ba mai raba su. 'Yan'uwanta a yaudara su ne 57 da 87 da 91, ta ƙarshen ma ta fi su iya ɓad da kama, don dabarar tara ƙwayoyi ba ta kama ta, bakwai sau goma sha uku ce. Sauƙin abin shi ne, duk lambar da ba ta kai 100 ba, in kin gwada ta da 2 da 3 da 5 da 7 ta ƙi rabuwa, ki ƙyale ta, ba mai raba ta. Dalili kuwa, mai taurin kai ta gaba ita ce 11, kuma sha ɗaya sau sha ɗaya ya riga ya kai 121.

Yanzu ga inda nake ganin kina da 'yar gaskiya a fushinki. Wani lokaci amsa biyu ce ke tsaye da ƙafafunta. A ce 2, 5, 9, 11, 13, 17. Kika ce 2, don ita kaɗai ce cika. Ƙawarki ta ce 9, don ita kaɗai ke rabuwa. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinku. A aji, malamin kirki zai karɓi duka biyun muddin kowa ta kawo hujjarta, kuma ni a wurina wanda ya bugi yaro a kan amsa mai hujja ya zalunce shi. Amma takardar jarrabawa ba ta da kunne, gida ɗaya za ki cike. To, ki sa kanki a matsayin wanda ya rubuta tambayar. Rabin lambobin duniya mara ne, don haka biyar su haɗu a layi ba abin mamaki ba ne. Masu taurin kai biyar kuwa ba sa haɗuwa da ka, sai an zauna an zaɓo su. Ki bi dangin da ya fi wuyar tarawa, ki ɗauki 9. Idan kuma aka kawo 2, 3, 5, 7, 9, inda mara ke a jere, masu taurin kai ma a jere, kowane ɓangare ke da ƙarfi daidai da ɗan'uwansa, laifin na mai tambayar ne. Ki zaɓi ɗaya ki yi gaba, kada ta cinye miki lokacin tambayoyi uku.

Kada kuma ki ɗauka wannan wasa da lambobi baƙo ne da boko ya kawo mana. A ƙasarmu ta Katsina aka haifi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara a kowane gefe, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihin Masar. Har yau masu binciken tarihin lissafi na ambatonsa. Mafi ƙanƙantar irin wannan hatimi gidaje tara ne: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina kika tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ki samu. Ki zana shi, ki sa ƙaninki ya canja gida ɗaya a ɓoye. Ba sai kin tuna yadda yake da ba. Layi ɗaya na kwance zai ƙi ba da 15, ɗaya na tsaye ma zai ƙi, inda suka gamu nan ɓarnar take.

Wani dangin ma ba a littafin lissafi yake ba. Ki tambayi mai shagon unguwarku 10, 20, 30, 50, 100, nan take zai ce 30, don babu takardar naira talatin. Ki kai wa malaminku na Islamiyya 2, 3, 4, 5, 6, 8, zai yi murmushi ya ce 5, domin a rabon gado akwai rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, babu humusi. Ba za a kawo miki irin waɗannan a jarrabawa ba, amma suna saba wa kai da juya abu ta fuska fiye da ɗaya.

Na san karatunku ya sha tsaiko a shekarun nan, daga Sabuwa har Faskari da Ƙanƙara, kuma ba ke kika jawo ba. Abin da ya sa nake son wannan darasi shi ne ba ya jiran a buɗe makaranta ko a kawo wuta. Tsinke da ƙasar tsakar gida sun isa. Bayan la'asar ki ƙirƙiro naki jerin ki ba ƙawayenki, don wadda ta taɓa haƙa ramin da hannunta ba ta cika faɗawa na wani ba. Sharaɗi ɗaya kawai: ba a karɓar lamba tsirara, sai an faɗi abin da ya haɗa sauran.

Ga nawa nan: 15, 21, 28, 36, 45, 50. Ba cika da mara ba ne, ba kuma rabawa ba, iyakar taimakon da zan yi miki ke nan. Ki aiko da amsar da hujjarta ta hannun babanki ranar da zai shigo Funtuwa. In kin ci, akwai tukwici. In kin kasa, kada ki ce kin ba ni gari, ba na karɓa, kishiya zan yi miki wadda ta iya lissafi.

Kakanki.