Burodin Jiya Bai Mutu Ba: Yadda Ake Soyayyen Burodi Mai Ƙwai a Hostal

Duk ɗalibin da ya taɓa zaman hostal ya san wannan labarin. Ka sayi burodi ranar Litinin, ka ci rabi, ka ɗaure sauran a leda ka ɗora saman loka. Ranar Laraba ka ɗauko ka tarar ya yi tauri, in lokacin hunturu ne ma sai ka rantse katako ne. Yawancinmu jefarwa muke yi, ko mu tsoma shi a shayi muna ci muna ƙunƙuni. Alhali yadda kuɗin burodi ke ta hawa, ga kuɗin da ake turowa daga gida ba ya kai ƙarshen wata, jefar da rabin burodi ba ƙaramar asara ba ce. Darasinmu na wannan fitowar shi ne yadda za a mayar da wannan burodin karin kumallo mai daɗi cikin minti 15.

Daga ina ya fito?

Turawan Ingila da Amurka suna kiransa French toast, wato suna jingina shi ga Faransawa. Su kuwa Faransawa suna ce masa pain perdu, ma'ana burodin da ya ɓata, wanda da an yi asararsa. Amma dabarar ta girmi ƙasar Faransa. A wani tsohon littafin girki na Rumawa mai suna Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 ko na 5, an bayyana yadda ake jiƙa burodi a madara, a soya a mai, a zuba masa zuma. Mutanen Sifen suna da nasu, torrijas, da suke ci lokacin azumin Kirista kafin Ista. Jamusawa kuwa sunan da suka ba shi yana nufin "matalautan barade". Ka ga ke nan tun asali abincin mai tattali ne, ba na 'yan gayu ba. 'Yan uwanmu da suka san Maraɗi ko Damagaram sun san dogon burodin nan irin na Faransa, wanda kwana ɗaya kawai yake yi ya ƙandare. Irinsa ne ya fi dacewa da wannan suya.

Me ya sa sai burodin da ya kwana?

'Yan sashen kimiyyar abinci za su tabbatar da wannan. Lokacin gashi, sitacin da ke cikin fulawa yana shan ruwa ya kumbura, shi ya sa sabon burodi ke da laushi. Da ya huce ya kwana, sai ƙwayoyin sitacin su sake haɗuwa su takure, su saki ruwan da suka riƙe. Taurin ke nan. Sanyi ma ƙara hanzarta abin yake yi, don haka burodin da aka sa a firji ya fi saurin tauri. To, burodin da ya bushe kamar soso yake: zai sha ruwan ƙwai da madara ba tare da ya dagargaje ba. Sabon burodi kuwa, da ka tsoma shi sai ya zama kunu a hannunka. Sannan zafin kasko yana sake sassauta sitacin, laushin ya dawo.

Kayan haɗi na mutum biyu

Burodi yanka 4, kowanne kaurin kusan santimita 2.
Ƙwai 2.
Madara rabin kofi. In ta gari ce, a dama cokali 2 a rabin kofin ruwa. In ta gwangwani ce, a surka ta da ruwa daidai da ita.
Sukari cokali 1.
Gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu za su tsunkuno.
Garin kirfa ko na citta, in akwai.
Bota da ɗan man gyaɗa.

Yadda ake yi

Da farko fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a kofi kafin ka juye a kwano, kada ruɓaɓɓe guda ya lalata maka sauran. Zuba madara, sukari, gishiri da kayan ƙamshi, ka kaɗa da cokali mai yatsu har ƙwaiduwa da farin su haɗe sosai. In ba su haɗe ba, za ka ga farin ƙwai ya daskare a jikin burodin kamar tabo. Juye haɗin a faranti mai faɗi.

Ɗora kasko a kan wuta matsakaiciya. Zuba ɗan man gyaɗa, sannan ka sa bota rabin cokali. Dalilin haɗa su shi ne bota ita kaɗai tana saurin ƙonewa. Kada man ya yi yawa, ba ƙosai muke toyawa ba.

Sai ka kwantar da yankan burodi a cikin haɗin, kowane gefe kamar daƙiƙa 20. In burodin ya ƙandare sosai, bar shi ya kai minti ɗaya. Ɗaga shi ya ɗan tsane, ka sa a kasko. Bar shi minti 2 zuwa 3 ba tare da taɓawa ba, har ƙasan ya yi ja irin na waina, sannan ka juya ɗaya gefen. Kafin ka sauke, danna tsakiyar da bayan cokali. In ruwa ya fito, da saura. In ya dawo kamar katifa, ya yi.

A ci da zafinsa, da zuma ko ayaba ko yankakken dabino, ga shayi a gefe.

Inda ake yawan yin kuskure

Babban kuskure shi ne wuta. Wani don sauri zai buɗe gas ko ya ɗaga lagwanin risho har ƙarshe, wai lakcar ƙarfe takwas za ta wuce shi. Sai waje ya ƙone ƙurmus saboda sukari, ciki kuma ɗanye. Ƙwai yana gama daskarewa ne a wajen digiri 70 na ma'aunin Salshiyos, kuma zafi na buƙatar lokaci kafin ya ratsa tsakiyar burodin. Wannan ba maganar daɗi kaɗai ba ce. Ɗanyen ƙwai na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai kawo zawo, amai da zazzaɓi. Wa ke son wannan ana saura kwana uku jarrabawa?

Kuskure na biyu: rashin bambanta burodin da ya bushe da wanda ya yi funfuna. Bushewa ba laifi ba ce. Amma in ka ga kore ko baƙi ko fari kamar auduga a jikinsa, ko yana tsami, to jefar da shi gaba ɗaya. Kada ka ce za ka yanke wurin ka ci sauran, domin saiwoyin funfuna suna ratsa cikin burodi inda ido ba ya gani, kuma suya ba ta kashe duk gubar da wasu ke bari. Ƙwai ma in kana shakka, sa shi a kofin ruwa: sabo yana nutsewa, tsoho yana tasowa sama.

Na uku, yanka burodi siriri. Zai sha ruwa ya yage kafin ya isa kasko.

Ga waɗanda ba sa son zaƙi

Cire sukari da kirfa, ka rage madarar zuwa cokali 3. Yanka albasa ƙanana sosai, ka jajjaga attarugu ɗaya, ka murmushe rabin Maggi a ciki. Sauran aikin duk iri ɗaya ne. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da burodi da ƙwai na mai shayi, sai dai nan ƙwan ya shiga cikin burodin, kuma ƙwai biyu sun ƙosar da mutum biyu maimakon ɗaya.

A ƙarshe, 'yan uwa, a kiyaye dokar hostal kan girki. A yi a inda aka ware, kada a bar wuta a kunne a tafi hira, a kuma tabbatar an rufe gas. Gobara ba ta san ɗakin wa ta fara ba. Wanda ya gwada kuma ya tuna da abokin ɗakinsa, don wata rana burodinsa ne zai cece ka. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya sa albarka a ɗan abin da ke aljihu.