Damuwa da lafiyar jiki

Da safe, idan mutane suka gamu, sai su tambayi juna: «An kwana lafiya?» A bakin Bahaushe, lafiya ta haɗa ƙarfin jiki da kwanciyar hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ita ma haka ta ɗauki lafiya a dokarta ta 1946: jiki, hankali, da zama cikin mutane.

Ranar jarrabawa, wata yarinya ta tashi da ciwon ciki. Tafin hannunta yana gumi, gabanta yana faɗuwa. Aka kai ta gidan likita. Aka auna zafin jikinta, aka sami digiri 37. Babu masassara. To, ƙarya ta yi? A'a.

A bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka. Idan tsoro ya kama mutum, ƙwaƙwalwa takan aika mata da saƙo, sai ta zuba wani sinadari cikin jini. Sunansa adirenalin. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yi sama-sama, jini ya ragu a hanji ya nufi ƙafafu da hannuwa, kamar za a gudu. Shi ya sa ciki yake murɗawa. Ciwon na gaske ne, amma ba ƙwayar cuta ta kawo shi ba. Da aka gama jarrabawa, yarinyar ta ci tuwonta sarai.

Haka manomin da ruwa ya ɗauke wa bayan shuka. Ba ya barci, kansa yana sarawa. Mai damuwa yana sauraren jikinsa ƙwarai, ƙaramin ciwo sai ya zame masa babba. Idan ya sami wanda zai faɗa wa damuwarsa, sau da yawa yakan ji sauƙi.

Amma a lura. Mai farin ciki shi ma jikinsa yana iya ruɗinsa. Hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Mutum yana cewa «lafiya lau», alhali cutar tana ɓata masa zuciya da ƙoda. Awo kaɗai yake tona ta. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuwa, kada a ce damuwa ce. A kai shi gidan likita ran nan, a gwada jininsa.

Tambayoyi
1. Me ya murɗa cikin yarinyar?
2. Wace cuta ce take ɓuya?
3. Wa kuke faɗa wa damuwarku a gida?