Tsoron Allah da Son Allah

Sa'ad da muke makarantar allo a Garu, cikin Dutse, in malam ya ɗauki bulala sai mu ɗaga murya. Da ya shiga gida sai tsit. Akwai kuwa yaro guda wanda ba ya fasa karatu ko malam ba ya nan, gama karatun yake so. Shi ya riga mu sauka.

To, bautar Allah ma haka take. Tsoro ke hana bawa saɓo, amma so ke tashe shi salla tsakar dare, ba wanda ya sa shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya keɓe wa tsoro da fata babi guda cikin Ihya'u, ya keɓe wa so wani. Nana Asma'u kuma ta yi waƙoƙin tsoratarwa da wuta, ta yi na begen Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi.

'Yan'uwana masu koyon malanta, ku dubi dashen dabinon Dutse: shinge ke tsare shi daga awaki, ruwa ke rayar da shi. Wanda ya koya wa yara tsoro kaɗai, ya kafa shinge ne ya manta ban ruwa. Allah Ya ba mu duka biyun, amin.