LAMBUN BAYAN GIDA DA TUKUNYAR MIYA

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu in mun gama kwalejin nan ƙauye za a tura mu koyarwa, inda kasuwa ba ta ci sai bayan kwana huɗu ko bakwai. Albashin sabon malami kuwa kun san shi. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya game da lambu, tun daga kuskuren da na fara yi.

A garinmu can Arewa, da rani a ke lambu. Akan yi fangali, watau fage mai ɗan zurfi da aka kewaye da ƙasa, don in an yi ban ruwa ya tsaya. Haka aka koya mini a makarantar mishan da na yi. Da na zo nan Kudu aka ba ni ɗan fili bayan ɗakin kwananmu, sai na yi fangali huɗu cikin watan Mayu, na shuka alayyafo da kuɓewa, na dasa tumatir. Ran nan aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye na tarar lambuna ya zama tafki. Kafin mako ya kewayo duk dashen ya ruɓe daga gindi.

Wani tsoho mai aikin gonar kwaleji ya same ni tsaye ina kallo. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina laifina?" Ya ce, "Ɗana, a garinku tare ruwa ku ke yi. Mu nan hanya mu ke ba shi ya wuce." Ashe gaskiya ne, matambayi ba ya ɓata.

SHIRIN ƘASA

Ga ka'ida ta fari. Inda ruwa ya yi ƙaranci a yi fage mai zurfi. Inda ya yi yawa a ɗaga fagen ya yi tudu kamar inci 8, a bar lambatu tsakani. Faɗinsa kada ya wuce ƙafa 4, don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. A zaɓi wurin da rana ke samu, kusa da ruwa, nesa da salga. Kafin a sa ko ƙwaya ɗaya a ƙasa a yi shinge, gama akuya ba ta san na malami ba. In an kafa rassan zogale cikin shingen za su tsiro, ga katanga ga ganyen ci.

Ba sai an sayi taki ba. A tara ciyawa, da ɓawon doya, da sharar gida mai ruɓewa, da kashin awaki ko na kaji, a jera su hawa hawa, ana yayyafa toka da ruwa kaɗan. A riƙa juya tarin bayan kowane mako 3. Cikin wata 2 ko 3 zai zama baƙi, mai laushi, ba wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, kada a zuba shi sai ya ruɓe.

SHUKA

Alayyafo shi ne abokin mai koyo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi kafin a watsa, don kada ya fito a cunkushe. Bayan mako 4 ko 5 an fara ci. In an yanka shi aka bar gindi, zai sake tofo.

Kuɓewa ba ta son dashe. A jiƙa irin ya kwana, a shuka ƙwaya 2 ko 3 a rami, tsakanin rami da rami kamar ƙafa 1 da rabi, in sun fito a bar mai ƙarfi. Wajen wata 2 ta ke fara 'ya'ya. A riƙa tsinka bayan kowane kwana 2 ko 3, gama in an bar ta ta ƙosa a jikin uwa, uwar takan rage haihuwa.

Tumatir kuwa sai an rene shi a inuwa kaɗan kamar mako 4, kāna a dasa da maraice, a kafa masa sanda. Ba ya son ruwan sama mai yawa, shi ya sa a nan ya fi kyau da rani. Da rani kuma a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima.

Tumatir, da tattasai, da attaruhu, da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kada su gaji juna a fage guda. Bayansu a sa wake ko gyaɗa, waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. In ƙwari sun dame ka, barbaɗa toka da sassafe, ko ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka yayyafa.

DAGA LAMBU ZUWA TUKUNYA

Wahalar lambu takan tashi a banza wurin dafuwa. Ganye irin su alayyafo da zogale, da kabewa mai jan ciki, suna da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Amma jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da mai, saboda haka ɗan manja ko gyaɗa a miya ba almubazzaranci ba ne. A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Kada a cika masa kanwa, kada kuma a daɗe ana dafa shi, gama duka biyu suna kashe waɗansu bitamin ɗin.

Ga yadda na yi miyar taushe da amfanin lambuna na biyu. Na tafasa ƙashi da nama kaɗan tare da albasa, na zuba kabewa da na fere har ta yi laushi, na farfasa ta. Na sa jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, da daddawa, da manja, da gishiri. Da suka nuna na dama niƙaƙƙiyar gyaɗa na zuba. Daga ƙarshe na sa yakuwa kaɗan don tsami, sa'an nan alayyafo, na rufe minti 5 na sauke. Mu shida muka ci da tuwon shinkafa. Na kai wa Baba nasa a kwano, ya ɗanɗana, ya ce, "To, yanzu ka iya ba ruwa hanya."

Abin da ya yi yawa kada a zubar. Kuɓewa da tumatir a yanka a shanya a rana, ganye kuwa a inuwa, a ajiye don lokacin tsada.

Shawarata ita ce kowannenmu ya fara da fage biyu tun yana nan, ya yi kuskurensa inda akwai mai gyara masa. Ran da aka ba ka makaranta, yara talatin ko arba'in za su kwaikwayi abin da suka ga hannunka ya yi, su kai gidajensu. In ka koya musu fangali a ƙasar ruwa, ba dashenka kaɗai zai ruɓe ba.