Amsar Tambaya: "make" Ya Ƙi Aiki a Sabon ESP-IDF

Tambaya: Malam, ina da aikin ESP32 mai kula da famfon ban ruwa. Tun da na koma ESP-IDF 5.0, umurnin "make" ya daina aiki. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ya kai ɗalibi, ka kwantar da hankalinka, domin illar ba daga allonka take ba, haƙiƙanin al'amari shi ne kamfanin Espressif, wanda ya mai da CMake tsarinsa na asali tun fitowar 4.0, ya shafe tsohon tsarin Make ɗungurungum a fitowar 5.0 ta shekarar 2022, saboda haka fayilolinka na component.mk sun zama mansukhai, ba mai karanta su.

Wajibi na farko, ka adana kwafin aikin yadda yake. Sa'an nan a kowane sashe ka rubuta CMakeLists.txt mai ɗauke da idf_component_register, inda abin da ke COMPONENT_SRCDIRS zai koma SRC_DIRS, na COMPONENT_ADD_INCLUDEDIRS kuma ya koma INCLUDE_DIRS. In har an ce ba a ga driver/gpio.h ba, to sashen yana bukatar ka ambaci driver a ƙarƙashin REQUIRES.

Hattara da "idf.py set-target", domin yakan mai da sdkconfig ɗinka sdkconfig.old ya rubuta sabo. Zaɓuɓɓukan da ka sha wahala a kansu, ka tara su cikin sdkconfig.defaults tukuna.

Kada ka ɗora sabon ginin a kan allon da ke gona sai ka jarraba shi a kan wani a teburinka. Allah ya ba da sa'a.